Yadda muka bi jinyar Baba bayan an ce limfoma ce, mataki na huɗu

Mahaifina ya haura shekara sittin, kuma in ban da hawan jini da yake shan magani a kai, ba mutumin asibiti ba ne. Abin ya fara ne da kaluluwa a gefen wuyansa na hagu. Kowa ya san kaluluwa: takan fito idan mutum na ciwon haƙori ko maƙogwaro ko yana da gyambo, ta yi zafi, bayan mako ɗaya ko biyu ta baje. Tasa ba ta yi zafi ba, ba ta kuma baje ba. Rashin zafin nan shi ya kwantar mana da hankali a gida, alhali a wajen likitoci shi ne abin dubawa. Sai wata ta fito a hammata. Sai gumin dare, irin wanda zai farka ya tarar da riga da zanin gado sharkaf kamar an sheƙa masa ruwa, ga zazzaɓin da ke zuwa da yamma ya tafi da kansa, ga rama har wandunansa suka daina zama a ƙugu. Na zauna rubuta wannan ne saboda duk wanda aka ce wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa na da wannan cuta ta limfoma, wato ciwon dajin kaluluwa, ya san abin da ke jiransa daga wannan ƙofa zuwa waccan, domin mu a duhu muka yi rabin tafiyar.

A asibitin farko an yi abin da aka saba: maganin kashe ƙwayoyin cuta, a dawo idan kumburin bai sauka ba. Ban ga laifin wannan ba, tunda yawancin kaluluwa ƙwayar cuta ce ke tayar da ita. Da bai sauka ba sai zargi ya koma kan tarin fuka, domin shi ma yana kumbura kaluluwa, yana sa gumin dare da rama. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada majina, babu komai. Daga nan aka soka siririyar allura cikin kumburin aka zuƙo 'yan ƙwayoyi, muka yi jira, sakamako ya fito cewa ba a iya tantancewa ba. A tsakanin nan ne wani ma'aikacin lafiya ya rubuta masa firednisolon na 'yan kwanaki don ya ji sauƙi. Kumburi kuwa ya sace, Baba ya fara cin abinci, muka yi ta hamdala. Ba a jima ba ya dawo, ya fi na da girma. Likitan tiyatar da aka tura mu wajensa, da ya ji an sha wannan magani, ransa bai so ba. Ya ce irin waɗannan magunguna na sitiroyid suna kashe ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, su narkar da kumburin, su kuma dagula abin da za a gani a madubin likita. Saboda haka muddin ana zargin limfoma ba a shan su sai an riga an yanki nama, sai dai idan rai na cikin haɗari. Har yau abin yana min ciwo, domin makonnin da muka yi muna murna, cutar ce ke ta samun wurin zama.

Aikin ciro kaluluwar bai kai yadda muka ji tsoronsa ba. An auna jini, Baba ya sa hannu a takardar amincewa, aka kashe wurin da allura, kafin awa guda an gama, a ranar muka koma gida. Likitan ya bayyana min dalilin da ya sa allurar farko ba ta wadatar ba: mai duba naman yana buƙatar ganin tsarin kaluluwar gaba ɗayanta, ƙwayoyi warwatse ba sa nuna masa hakan. Aka sa naman a 'yar kwalba mai ruwan magani, aka manna suna da lambar kati, aka ba ni rasit mai ɗauke da lambar samfur. A riƙe wannan rasit da kyau, za a sake nemansa. Rahoton farko shafi ɗaya ne, a ƙasansa an rubuta cewa limfoma ce, ba ta Hodgkin ba, kuma ana ba da shawarar ƙarin gwaji. Ashe wannan ƙarin gwajin shi ne mai gaba ɗaya. Ana daskarar da naman cikin kaki, a yanka shi siriri, a shafa masa rini na musamman iri-iri da ke nuna alamomin da ke jikin ƙwayoyin, ta haka ake gane ainihin nau'in cutar. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. Namu sai da na sa hannu na karɓi dunƙulen kakin da lambar rasit ɗin nan, aka aika da shi wani wuri. Wannan jira shi ne mafi ɗaci a cikin duk jiran da muka yi, domin mun san ciwon daji ne, muna kallon Baba yana ramewa, kuma an ce ba za a taɓa shi da magani ba tukuna. Na je na yi ƙorafi. Aka ce min limfoma ta haura nau'i 60, kowanne da maganinsa, kuma fara kemo, wato maganin da ake ɗurawa don kashe ƙwayoyin daji, ba tare da sanin nau'in ba ya fi jiran haɗari. Ban so jin haka ba a lokacin, amma gaskiya ce.

Da rahoto na biyu a hannu muka shiga wajen likitar jini. Kafin ranar mun yi gardama a gida. Yayana ya dage cewa kada a faɗa wa Baba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Mama ta yi shiru. Likitar ba ta tambayi ko ɗayanmu ba, shi ta fuskanta. Ta ce, "Baba, kuna so in yi muku bayanin abin da muka gano, ko kun fi so in yi magana da yaranku?" Ya ce, "Likita, jikina ne, faɗa min. Tun ranar da na ga suna ƙus-ƙus a bakin ƙofa na san ba ƙaramin abu ba ne." A ganina wannan ita ce hanyar da ta dace. Akwai iyayen da ba sa son jin dalla-dalla, haƙƙinsu ne a bar su, amma su ya kamata su zaɓa. Ban ma ga yadda za a ɓoye wa mutum cutar da za a shafe wata huɗu zuwa biyar ana ɗura masa maganin da ke zubar da gashi a kanta ba.

Ta ce limfoma ciwon daji ne na wani rukunin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke zaune a kaluluwa da saifa da ɓargo suna tsaron jiki. An kasa ta gida biyu: ta Hodgkin, mai ɗauke da sunan likitan Ingila Thomas Hodgkin da ya bayyana ta a 1832, da sauran duka. Ta Baba ita ce ake taƙaita sunanta da DLBCL, wadda ta fi kowace yawa a rukuni na biyu, kusan kashi 30 cikin 100. Mai saurin girma ce. Da ta ga fuskata ta canza sai ta ƙara da abin da ban taɓa ji ba: masu tafiya a hankali mutum yakan yi shekaru da su, amma yawanci ba a raba shi da su kwata-kwata, masu saurin kuwa su ne kemo ya fi kamawa, kuma su ne ake iya warkarwa. Ta nuna mana inda aka rubuta CD20 a rahoton, ta ce wannan alamar ita ce ke ba da damar amfani da wani magani mai suna rituksimab. Zazzaɓin nan da ya haura digiri 38, da gumin dare, da rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki a wata 6, su ake kira alamomin B, kuma Baba duk ya haɗa su.

Sai makon gwaje-gwajen gano inda cutar ta kai. Hoton PET-CT ya buƙaci ya yi awa 6 bai ci komai ba sai ruwa. Aka auna sugansa, aka yi masa allurar wani sukari mai ɗan tururin nukiliya, aka kwantar da shi shiru na kusan awa ɗaya, sannan aka shigar da shi injin. Ƙwayoyin daji sun fi na lafiya zuƙar sukari, don haka wuraren da suke sai su haska a hoton. An gargaɗe mu kada ya kusanci ƙananan yara da masu juna biyu na wasu awanni. Inda babu wannan injin, hoton CT ake yi. An ɗebi ɓargo daga bayan ƙashin ƙugunsa, wanda ya ce ya fi tiyatar wuya zafi, ko da yake minti kaɗan ne. An duba ƙarfin zuciyarsa da na'urar eko, saboda ɗaya daga cikin magungunan yana iya raunana zuciya. An gwada ƙoda da hanta da wani sinadari mai suna LDH, an gwada HIV da ciwon hanta nau'in B da C. Baba ya ɗan ɓata rai da jin na HIV, sai aka ce masa kowa ake yi wa. Na hanta kuwa ya zo mana da labari: jininsa ya nuna ya taɓa haɗuwa da nau'in B a can baya, bai ma sani ba. Rituksimab yana iya tayar da ƙwayar da ta kwanta, ta lalata hanta, don haka aka ɗora shi kan ƙwayar entekabir kullum, har aƙalla shekara guda bayan an gama kemo. Duk wanda za a fara wa iyayensa wannan magani, ya tambaya da bakinsa ko an yi wannan gwajin.

Ranar da aka ce mataki na huɗu, kunnuwana suka toshe. Abin da na sani kawai shi ne idan aka ce ciwon daji ya kai na huɗu, sai addu'a. Likitar ta ɗauko takarda ta zana jikin mutum, ta ja layi a inda tantanin da ya raba ƙirji da ciki yake. Rukunin kaluluwa ɗaya, mataki na ɗaya. Biyu ko fiye a gefe guda na layin, na biyu. Sama da ƙasan layin, na uku. Idan ta bazu zuwa wata gaɓa irin su ɓargo ko hanta ko huhu, na huɗu. Wannan tsari an kafa shi ne a Ann Arbor ta Amurka a 1971, aka sabunta shi da na Lugano a 2014. Ta Baba ta shiga ɓargo. Sai ta ce ƙwayoyin da wannan cuta ke kamawa dama aikinsu yawo ne a cikin jini, don haka ba abin mamaki ba ne a same ta a wurare da yawa tun ranar farko, kuma maganin ma ta jini yake bi ya iske ta duk inda take. Shi ya sa na huɗu a limfoma ba ɗaya yake da na huɗu a dajin huhu ko na hanji ba. Baba ya ce, "Ana warkewa?" Ta ce, "Ana warkewa, Baba, amma ba kowa ba. Niyyarmu a kanku warkarwa ce." Bayan ya fita na tsaya na nemi lissafin. Ta ce a dunƙule, kusan shida cikin goma na masu irin wannan nau'in suna rabuwa da ita da maganin farko. Akwai kuma ma'auni mai suna IPI da ke duba abu biyar: shekaru sama da 60, mataki na uku ko na huɗu, hauhawar LDH, yadda mutum ke iya hidimar kansa, da yawan gaɓoɓin da cutar ta taɓa bayan kaluluwa. Baba yana da uku daga ciki, don haka rabonsa ya ɗan gaza na dunƙulen. Ta ce in tuna wannan lissafin dubban mutane ne, ba hukunci ba ne a kan mutum ɗaya. Na fita na samu lungu na yi kukana kafin in koma wajensa.

Kafin a ɗura ko ɗigo ɗaya sai da muka bi ta ofisoshin kuɗi. Maganin da aka tsara sunansa R-CHOP, wato haɗin rituksimab da wasu magunguna huɗu, zagaye 6, kowane kwana 21. Na nemi a rubuta min ƙiyasin duka shidan, ba na farko kaɗai ba, kuma ko a hakan akwai abubuwan da takardar ba ta ƙunsa ba: gwajin jini kafin kowane zagaye, maganin amai, allurar ƙara fararen ƙwayoyin jini, hotuna, kwanciyar asibiti idan ta taso, da aikin da mai jinya zai bari. Rituksimab shi ne ya fi komai tsada. Ana lissafa shi ne da faɗin jiki, miligiram 375 a kowace murabba'in mita, daga tsawon mutum da nauyinsa, kuma yana zuwa a kwalaben miligiram 100 da 500 da dole su zauna a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Akwai kwatankwacinsa da wasu kamfanoni ke yi a farashi mai sauƙi, kuma likitar ta amince mana da shi. Mai inshora ya fara neman takardar amincewa tun ranar da rahoton nama ya fito, domin za su nemi kwafinsa da wasiƙar likita, kuma ba sa sauri. A kuma leƙa ofishin da ke kula da walwalar marasa lafiya, ko da mutum na jin nauyi. Mu 'ya'yansa mun zauna tun kafin zagaye na farko, kowa ya faɗi abin da zai iya da lokacin da zai iya kawowa. Dalili shi ne likitar ta faɗa mana ƙarara cewa tsayar da magani a tsakiya saboda kuɗi sun yanke yana rage damar warkewa sosai, domin cutar tana farfaɗowa a duk tazarar da aka ba ta.

Kwanaki kaɗan kafin a fara, aka ba shi alofurinol aka ce ya yawaita shan ruwa. Idan ƙwayoyin daji masu yawa suka mutu a lokaci guda, abin da ke cikinsu yana kwarara cikin jini ya yi wa ƙoda yawa, kuma a zagayen farko aka fi jin tsoron hakan. Ranar kemo mun isa da sassafe. Aka auna nauyi da tsawo, aka sa allura a jijiya, aka ba shi farasitamol da maganin ƙaiƙayi, sannan aka saki rituksimab ɗigo-ɗigo, ana ƙara gudunsa kowane rabin awa. Can sai Baba ya fara karkarwa, haƙoransa na haɗuwa. Na miƙe a firgice. Nas ɗin ta zo ba tare da ruɗewa ba, ta tsayar da ruwan, ta yi masa allura, ta ce wannan sananne ne a karon farko. Da ya lafa aka ci gaba a hankali, kuma bai sake yi ba a sauran zagayen. Sai dokzorubisin, jan magani, wanda ta tura tana kallon hannunsa tana cewa, "Baba, da kun ji zafi ko raɗaɗi a wurin allurar ku faɗa min nan take," domin idan ya tsiyaye daga jijiya yana cin nama. Ta kuma ce fitsarinsa zai yi ja na kwana ɗaya ko biyu, kada mu zaci jini ne. Sai binkiristin da sayikulofosfamaid. Mun wuni a wurin. Aka sallame mu da firednisolon na kwana 5, da maganin amai, da wata takarda da aka ce kada ta rabu da shi.

Abin da ba wanda ya shirya mu a kansa sosai shi ne cewa haɗarin ba a ɗakin kemo yake ba, a gida yake. Kwanakin firednisolon Baba kan yi ƙarfi, ya ci abinci, ya kasa barci, ya yi ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sugansa ma ya hau. Ana gama ƙwayar sai jiki ya saki gaba ɗaya. Daga kwana na 7 zuwa na 14 fararen ƙwayoyin jini kan faɗi ƙasa warwas, kuma a lokacin ƙwayar cutar da lafiyayye ba zai ma ji ta ba tana iya kashe mutum cikin awanni. A zagaye na biyu, cikin dare, Mama ta tashe ni ta ce jikinsa da zafi. Ma'auni ya nuna ya haura 38. Baba ya ce, "Kai, ba ni farasitamol in kwanta, da safe ma je." Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, yanzu za mu tafi." Ya yi fushi, amma ya tashi. Farasitamol zai saukar da zafin ne kawai ya ɓoye abin da ke faruwa a ciki. A sashen gaggawa layi ne mai tsawo, kuma Baba a ido bai fi sauran galabaita ba. Takardar nan ce ta cece mu, domin a ciki an rubuta cewa yana kan kemo, duk zazzaɓi a ɗauke shi da gaggawa, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya. Na miƙa ta, na kuma maimaita da baki har sai da aka saurare ni. Gwaji ya nuna fararen ƙwayoyinsa sun kusa ƙarewa. Aka kwantar da shi, aka ɗaga zagaye na uku, daga nan kuma aka ƙara masa allurar filgirastim bayan kowane kemo don ɓargo ya yi saurin farfaɗowa. Tana sa ciwon ƙashi, musamman a baya da ƙugu. Washegari wani likita ya ce min da mun jira safiya, da labarin zai iya zama daban. Shi ya sa nake cewa ma'aunin zafin jiki ya fi komai muhimmanci a gidan da ake jinyar mai kemo, tare da lambar wayar da za a kira da kuma sanin motar da za a hau da tsakar dare.

Sauran wahalhalun a hankali suka riƙa taruwa. Gashi ya fara zuba a mako na uku, kuma gemunsa ya fi damunsa fiye da na kai. Bakinsa ya yi ƙuraje, abinci ya daina yi masa ɗanɗano, ciki ya ɗaure. Wajen zagaye na huɗu na lura yana fama da maɓallin riga, ya ce kan yatsunsa sun mutu. Bai so a faɗa ba, wai kada a ce ya cika ƙorafi. Na faɗa, aka rage masa binkiristin, domin shi ke taɓa jijiyoyin, kuma idan aka yi shiru lahanin kan iya zama na dindindin. Gajiya kuwa kowane zagaye ta fi ta baya. Masu zuwa dubiya mun roƙe su da girmamawa cewa mai tari ko mura ya yi waya. Kusan kowa da maganin da zai kawo, na gargajiya ko na ƙarin kuzari, kuma da zuciya ɗaya suke kawowa. Mukan karɓa mu yi godiya, amma ba abin da ya shiga bakinsa sai likitar ta gani, domin hantarsa tana ɗauke da kaya iya wuya.

Akwai ɓangaren da babu shi a takardar asibiti. Mutumin da ya ɗauke ka a kafaɗa, yau kai ke riƙe shi zuwa banɗaki. Baba ya tsani hakan, kuma na fahimci cewa yawancin faɗansa daga nan yake fitowa. Sai muka koyi barin masa duk abin da zai iya: ya zaɓi lokacin wanka, ya riƙe katinsa, ya amsa tambayar likita da kansa ko da zai ɗauki lokaci. Mun kuma raba aiki, Yaya kan kuɗi, ni kan asibiti, ƙanwata kan amsa wayar dangi, wanda aiki ne babba. Mama ce muka kusa mantawa, ita da ke kwana da shi tana sauraren numfashinsa. Sai da ta fara ramewa muka tilasta mata kwana a wani ɗaki wasu ranaku.

An sake hoto a tsakiyar magani, ya nuna cutar ta ja baya sosai. Na ƙarshe sai da aka bar kusan mako shida bayan zagaye na shida, domin jikin da bai huce daga kemo ba yana iya haskawa ya ruɗar da mai dubawa. Ana ba hoton maki 1 zuwa 5 a ma'aunin Deauville, ta hanyar kwatanta hasken wurin da na hanta: 1 zuwa 3 labari ne mai daɗi, 4 da 5 na nufin akwai sauran abin dubawa. Na Baba 2 ne. Likitar ta ce, "Baba, ba mu ga alamar cutar ba." Yaya ya ce, "To ya warke ke nan?" Ta ce ba za ta faɗi haka ba tukuna, domin idan irin wannan za ta dawo, yawanci cikin shekara biyun farko take dawowa, kuma wanda ya tsallake su lafiya damarsa tana da kyau ƙwarai.

Da za a ce in zaunar da wanda yau aka ba shi irin labarinmu, zan ce kaluluwar da ta yi makonni ba ta baje ba, ba ta kuma zafi, a nemi a ciro ta a duba. Ya nemi cikakken sunan nau'in a rubuce kafin ya shiga intanet, domin karatu a kan limfoma a dunƙule tsoro kawai yake ƙarawa, kuma alƙaluma da yawa da ke yawo na zamanin da ba a fara amfani da rituksimab ba ne, wanda sai a 1997 aka amince da shi a Amurka. Ya tambayi likita kai tsaye ko manufar maganin warkarwa ce ko sassautawa. Ya tanadi jaka guda da ke ɗauke da kwafin rahoton nama, da faifan hotuna, da sakamakon jini, da jerin magunguna, da littafin da yake rubuta zafin jiki da tambayoyinsa, domin ba kullum likita ɗaya ake tararwa ba, kuma a gaban likita tambaya takan gudu daga kai. Idan mahaifin ya tsufa sosai, kada a yanke cewa ba zai iya ba. Akwai tsarin da aka rage ƙarfinsa domin waɗanda suka haura 80.

Yanzu muna zuwa asibiti duk bayan wata uku. Ana lalube wuya da hammata da matsematsi da ciki, a gwada jini, ba a yin hoto sai an ga dalili. Yana ci gaba da maganin hanta, kuma an ce kada a yi masa rigakafi mai rayayyar ƙwayar cuta sai da izinin likitar, tunda garkuwar jiki takan yi watanni kafin ta dawo bayan rituksimab. Gemu ya fito, yatsu ba su gama dawowa ba. A zuwanmu na baya-bayan nan shi da kansa ya tambayi abin da za a yi idan ta dawo. Likitar ta ce za a fara da sake yankar nama, sannan akwai wani kemo na daban, akwai dashen ɓargo daga jikin mutum kansa ga wanda ke da ƙarfin ɗauka, akwai kuma maganin CAR-T da aka fara amincewa da shi a Amurka a 2017, inda ake ɗibar ƙwayoyin garkuwar mutum a gyara su a mayar masa, sai dai yana da tsada ƙwarai kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Ta kuma ambaci sashen da ke kula da rage raɗaɗi da sauƙaƙa rayuwa, ta ce ana iya zuwa wajensu ko ana kan magani. Baba ya saurara har ta gama. Ya ce idan ta dawo yana so a faɗa masa a ranar, zai gwada maganin da jikinsa zai iya ɗauka, amma idan likitoci suka ga babu sauran amfani, a mayar da shi gida, kada a riƙe shi da injina. Ya sa na rubuta hakan a littafin, ya sa Yaya da Mama suka karanta a gabansa, domin kada ranar ta zo mu tsaya gardama a kansa yana kwance.